Ƙasar da Yayana Ya Sha a Shi'an

Wannan labarin ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, ni da yayana uwa ɗaya uba ɗaya, kuma wallahi da in ƙara masa gishiri gara in yi shiru. A lokacin muna da ɗan shago a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, muna sayar da kayan tsarabar alhazai, su darduma da carbi da agogon nan mai kiran salla, sitonmu kuma yana can unguwar Kurayyat. Shagon da sunan kafilinmu yake, wato ɗan ƙasar da ya tsaya mana, wani dattijon Balarabe mai gida a unguwar Abhur, mu dai namu aiki. 'Yan Damagaram ne mu. Yaya Isuhu shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya kawo ni Jidda, shi ya yi ta zirga-zirga har iƙamata, takardar izinin zama, ta fito.

Sai kun san halinsa za ku gane abin da nake faɗa. Ni ne mai zuciya a gidanmu, ko yau ka taka ni za ka ji amsa kafin ka ɗaga ƙafa. Yaya kuwa ruwan sanyi ne. Mage ta taɓa haihuwa cikin kwalin darduma masu tsada, na ɗauko tsintsiya, ya riƙe hannuna ya ce a bar mata kwalin har 'ya'yan su buɗe ido. Ban taɓa jin ya zagi mutum ba. Abu ɗaya ne da shi da nake masa dariya a kai, wata al'ada da ya gada wajen kakanmu wanda ya yi fatauci: duk garin da ya sauka karon farko sai ya ɗebi ƙasar garin kaɗan, ya jiƙa a ruwa ya sha, wai don garin ya karɓe shi, ruwansa da abincinsa kada su ɓata masa ciki. Ya sha ta Agadas, ya sha ta Jidda, a Gwanzu ta ƙasar Sin kuwa da ya rasa ƙasa, ko'ina siminti, cikin tukunyar fulawa ta otel ya ɗiba. Na ce Yaya wata rana sai ka sha takin akuya, ya ce to ai ba a cikinka zai zauna ba.

A shekarar da abin ya faru mun je Sin saro kaya, sai masana'antar ta ce sai bayan kwana shida za a gama. Wakilinmu a can wani Basine ne Musulmi, muna ce masa Yunusa, yana jin Larabci sosai. Shi ya ce maimakon mu zauna a otel muna kallon bango, mu zo ya kai mu garinsu Shi'an, tsohon birnin sarakunansu, mu buɗe ido. Ni na matsa aka tafi, wannan kam ba zan ɗora wa kowa ba.

Gari ne, jama'a. Ganuwarsa faɗinta mota biyu sa wuce a kai, muka hau keke muna zagayawa, Yaya da jallabiya yana tangal-tangal, Sinawa na ɗaukarsa hoto. Muka yi azahar a wani masallaci na katako wanda in ba ka ga rubutun Larabci a bango ba ba za ka ce masallaci ba ne, muka ci wata miyar rago da ake gutsuttsura gurasa a ciki. Kashegari Yunusa ya kai mu wajen sojojin yumɓu. Ramuka ne manya an yi musu rumfa, ka leƙa ƙasa ka ga mutane tsaye sahu-sahu, tsawonsu kamar namu, kowa da kamanninsa, wani da gashin baki, wani saurayi, wani ba kai. Wai wani sarki ne ya sa aka gina su don su yi masa gadi a kabari. Ni hotuna nake ta ɗauka, Yaya kuwa ya daɗe yana kallo, ya ce shi waɗanda suka kwaɓa ƙasar yake tausayi.

Tun isowarmu cikinsa ke murɗa, ya kuma ɗora laifin a kan bai sha ƙasar garin ba, don duk inda muka taka dutse ne ko kwalta. Rana ta uku Yunusa ya fita da mu bayan gari, cikin gonaki, inda za ka hango tuddai manya-manya masu shafaffen kai a tsakiyar fili, ya ce kowane tudu kabarin sarki ne, da hannu aka tara ƙasar. Muka tsaya kusa da ɗaya, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, rana tarwai. Ni da Yunusa muka yi gaba yana nuna mini abubuwa, Yaya ya tsaya a baya gefen wata gona inda ruwa ya zaftare ƙasa. Da muka juyo sai muka same shi yana girgiza gorar ruwa, ruwan ya yi ja, ya yi bisimilla ya kafa kai. Ya ma miƙo mini, na ce a'a, sha kayanka.

Yunusa ya tambaye ni me ya sha, na gaya masa ina dariya. Bai yi dariya ba. Ya tambayi Yaya daidai ina ya ɗiba, Yaya ya nuna. Sai Yunusa ya ce ba kabarin sarki ba ne nan ɓangaren, nan ne ake zubar da waɗanda suka gina tudun, fursunoni ne da aka sa aikin dole, kuma da masu tono suka buɗe irin wuraren nan sun samu ƙasusuwa da ƙarfe a wuya, da mari a ƙafa, wasu an sare kai, wasu an raba su biyu daga ƙugu. Ya ce su ko taɓon wurin ba sa shiga gida da shi. Ya sa muka kakkaɓe takalma kafin mu shiga mota. Yaya ya ce Allah ya kyauta, ƙasa ai duk ta Allah ce, kuma abin haushi cikin nasa ya daina ciwo a ranar.

Mun dawo Jidda lafiya. Wajen mako biyu na fara lura Yaya ba ya ɓalla maɓallin wuyan jallabiyarsa, shi da kullum tsaf yake. Ya ce wuyan ke masa nauyi. Na duba, sai na ga wani zane ya zagaye wuyan, ja-ja baƙi-baƙi kamar tsatsa, likita ya ce ƙaiƙayi ne ya ba shi man shafawa. Sannan cin abincinsa ya canza, sai ya ɗauki kwano ya juya wa mutane baya, ya tsuguna ya cinye cikin gaggawa yana kare kwanon da hannu. Aiki kuwa, mutum mai shekara hamsin da ɗoriya, ya koma ɗaukar dila biyu a lokaci ɗaya, ba hutu, ba magana, sai na riƙe shi na ce Yaya an kira salla sannan ya dube ni kamar daga barci na tashe shi.

Ranar da kwantenarmu ta iso Kurayyat muna saukewa da hantsi, akwai Abakar, wani ɗan Cadi magidanci da ya shekara takwas yana mana dako, shi da Yaya abokan wasa ne. Yaya ya sunkuya zai ɗauki dila, Abakar ya zo ta bayansa ya tsaya a kansa, ya ce da wasa, yalla ya shaiba, wato haba tsoho, yi sauri. Ban ga lokacin da Yaya ya miƙe ba. Na dai ji ƙara, na ga Abakar a ƙasa, Yaya ya hau ƙirjinsa ya kama kansa da hannu biyu yana buga shi da siminti. Ba ihu, ba zagi, fuskarsa ba fushi a cikinta ko kaɗan, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Mu huɗu muka taru a kansa, ya watsar da mu, ya ciji direban motar da ta kawo kwantenar a dantse har sai da ya cire nama. Sai da na rungume shi ta gaba ina kiran sunansa cikin kunne sannan jikinsa ya saki. Ya dubi hannunsa, ya dubi Abakar cikin jini, muƙamuƙi a karye, haƙora uku a ƙasa, ya ce, wa ya yi masa haka?

Muka ce wa asibiti kaya ne suka rufto masa. Abakar, Allah ya saka masa, da ya samu bakin magana ya ce wanda ya buge shi ba Isuhu ba ne, ba zai kai ƙara ba, amma kuma ba zai ƙara taka sitonmu ba. Ni kuwa tun daga ranar tsoro ɗaya ne a raina. Wanda ya zauna Saudiyya ya san hukuncin wanda ya kashe rai, takobi ne, ba wani dogon zance. Da mun yi jinkirin minti ɗaya da Abakar ya mutu, da yayana ya bi shi.

Mun kai shi wajen masu ruƙiyya har uku. Ana karatu sai ya zauna lafiya lau, har yana gyara wa ɗaya daga cikinsu aya, ba abin da ya yi magana ta bakinsa, ba faɗuwa, ba komai. Likitan ƙwaƙwalwa ya ba shi ƙwayoyi, ya sha, suka sa shi kasala kwana biyu, shi ke nan. Na kira Yunusa na ce ko akwai abin da mutanensu ke yi, ya ce da a ce ƙasar na nan da sai a mayar da ita inda aka ɗebo, to amma ta riga ta zama jini. Na zage shi, Allah ya yafe mini, alhali ba shi da laifi.

Sai abin ya shiga gida. Matarsa Zulai ta kawo masa tawul yana sunkuye yana alwala, ta tsaya ta bayansa, ya juyo ya make ta da bayan hannu ta bugi ƙofa, tsintsiyar hannunta ta karye. Shekara ashirin da biyu da aure bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ta kwashe yara ta koma wajen ƙanwarta, tana kuka tana cewa ba gudunsa take ba. A nan muka gane inda abin yake: in yana sunkuye, aka tsaya a kansa ta baya, ko aka taɓa wuyansa, to halas. Na hana shi fita aiki na kulle shi a ɗaki, na dawo da azahar na tarar ya ɓamɓare tayil ɗin ɗakin da yatsu, farce huɗu sun fita, yana ta tara ƙasa a kusurwa. Dole na mayar da shi sito, na sallami kowa, daga ni sai shi, ina gabansa kullum inda zai gan ni.

Wata rana muna shan shayi a bakin sito ya ce mini, ƙanena, ka yi mini alkawari. In ka ga na nufi wani, kada ka tsaya kiran sunana, ka buge ni da abin da ke kusa da kai, kada ka ji tausayina. Na ce Yaya bar wannan magana. Ya ce gara in haɗu da Allah da karyayyen ƙashi da in haɗu da shi da jinin bawansa. Na ce to, don dai ya yi shiru.

Ranar wata Talata bayan la'asar wayata ta yi ƙara, wani mai saro kaya ne daga Makka, cikin sito ba a ji sosai, sai na fita na zagaya gefe. Minti nawa ne? Ashe kafilinmu ya ji labarin Isuhu ba shi da lafiya, ya taso tun daga Abhur da kwalin dabino ya zo gaishe shi, bai gaya wa kowa ba. Dattijo ne mai kirki, tsakani da Allah, yana ƙaunar Yaya, kuma yana da wata ɗabi'a, in ya zo gaishe ka sai ya kama ƙeyarka yana girgizawa. Na hango motarsa, na saki wayar na ruga. Ina shiga na gan shi tsaye bayan Yaya, Yaya na sunkuye yana ɓalle akwatin katako da wani guntun ƙarfe, hannun tsohon ya riga ya sauka a wuyansa, yana cewa salamtak ya Yusuf, wato sannu da jiki Isuhu.

Bugun farko da Yaya ya kai wa tsohon a kafaɗa ya same shi, na ji ƙashin ya ce ƙas, tsohon ya zube kan dila, dabino ya watse. Yaya ya ɗaga ƙarfen da hannu biyu, saitin kai. Akwai sandar ƙarfe da muke tokare ƙofa da ita, ban san lokacin da ta zo hannuna ba. Na buga masa a hannun dama, hannun ya karye, na ga ya lanƙwashe inda ba gaɓa, ƙarfen ya faɗi. Wallahi tallahi ko ƙiftawa bai yi ba, ya sunkuya ya ɗauka da hagu. Na kira sunansa duk da ya hana ni, bai waiwayo ba. Sai na buga masa a gwiwa da duk ƙarfina, ya durƙusa, ya ci gaba da jan jiki yana nufar tsohon, ƙarfen na hannunsa. Na sake buga gwiwar, na sake, ina kuka ina bugu, har ƙoƙon ya farfashe, har ya kife. Mutumin da ya goya ni ya kai ni makarantar allo. Da ya buɗe ido ya gan ni tsaye da sanda, abin da ya fara tambaya shi ne, ya mutu? Na ce a'a. Ya ce alhamdulillahi, sannan ya suma.

Kafilin ya rayu. Bai kai mu ƙara ba, ya ce wa 'ya'yansa faɗuwa ya yi, amma ya kira ni ya ce abin da ya gani a idon Yusuf ba zai iya sake gani ba, ya sa aka buga masa bizar fita ba dawowa. Bayan wata biyu Yaya da Zulai da yara suka koma Damagaram, shi a keken guragu. 'Yan'uwa a gida abin da suka sani kawai ƙane ya nakasa wansa a Jidda, wasu suka ce a kan shago ne. Har yau akwai goggonmu da ba ta amsa sallamata, ban kuma ga laifinta ba.

Abin ya tsaya mini a rai shekara uku, ba na cin abinci in ji daɗinsa. Na yi ta bincike har na samu likitan ƙashi a Masar da ya ga hotunan ya ce zai iya sa masa gwiwar ƙarfe, ya tashi ya yi tafiya kamar kowa. Na shirya komai, na tafi Damagaram da takardun a jaka, ina murna zan gyara abin da na ɓata. Na same shi a zaure kan tabarma, jingine da bango, ya yi ƙiba, zanen wuyan ya dushe sai ka matso za ka gan shi, jikarsa na hawa kafaɗarsa tana ja masa kunne yana dariya. Zulai ta ce tun da suka dawo ko ƙuda bai kashe ba.

Na shimfiɗa masa takardun na yi bayani. Ya saurare ni har na gama, ya tattara su ya miƙo mini. Ya ce, kai kana zaton ya tafi ne? Na ce wa? Ya ce bai san sunansa ba, amma yana nan, yana jin sa kamar yadda mutum ke jin abinci a cikinsa. Ya ce hutawa yake yi. Ya ce, tun da na zauna ba mai sa ni ɗaukar kaya, ba mai tsaya mini a ka, shi ne ya samu ya kwanta, kuma ina jin tun da aka haife shi bai taɓa kwanciya ba. Ranar da na miƙe a kan ƙafa biyu, shi ma zai miƙe. Na ce Yaya to haka za ka ƙare a tabarma, ni kuma in ƙare da wannan a wuyana? Ya ce kai ka cika alkawari, ni ne ban gode maka ba. Ka bar mini gwiwata yadda ka ajiye ta.

Na fito daga zauren na zauna a mota na yi kukan da ban yi ba ranar da babanmu ya rasu. Takardun suna nan cikin akwatina a Balad, ban yar ba, ban kuma sake ɗaga maganar ba. Yaya na nan da ransa, yana koyar da yara karatu daga zaune. Malamai sun faɗi nasu, likitoci sun faɗi nasu, ni dai ban san mene ne ba, kuma na daina tambaya. Abin da na sani, duk lokacin da muka yi waya yakan ce mini su biyu suna gaishe ni, yana dariya, ni kuwa ban taɓa iya taya shi ba.

Ku da kuke yawo ƙasashen mutane, ku kalli abin kallo ku ɗauki hotonku ku wuce. In kun ga tudu a tsakiyar fili ku tambayi 'yan gari wa ke kwance a ƙarƙashi kafin ku taɓa ko tsakuwa, balle ku kai baki. In kuma kuna da ɗan'uwa mai wata al'ada da kuke wa dariya, ranar da kuka je baƙon wuri kada ku yi gaba ku bar shi a baya. Allah ya tsare mu da abin da ido ba ya gani.